Mijin Hajiya ya nemi tafinta

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban, Rusaifa

Baba da Hajiya sun iso da la'asar a karafan, motar nan mai gado da kicin da suka saya bayan ritayar Baba. Tun daga Dammam suka taso don ganin jikoki.

Hajiya na saukowa ta cafke ɗana Faisal: "Mijina! Ina cefanena?"

Yaron ya waigo: "Mama, esh tigul sitti?" Wai me kakarsa ke cewa.

Na fassara masa da Larabci, wasan ya mutu murus. Hajiya ta dai dube ni. Wallahi gara ta zage ni.

Shekara bakwai ina cewa gobe zan koya masa Hausa. Yau ga ni tafinta tsakanin uwar da ta haife ni da ɗan da na haifa.