Littattafan awon Baba

Yaya Lucas,

Gaisuwa mai yawa daga nan birnin Bergen. Yaya Fatakwal, yaya yara, yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai dai sanyi, kuma nakan yi kwana biyu ban yi magana da kowa ba. Kada ka gaya mata.

Aikina a nan tattara awon ruwan teku daga ƙasashe, don a ga yadda hayaƙin da teku ke sha yake ƙara masa tsami. Jiya na buɗe taswira, gaɓar tekun kowace ƙasa cike da ɗigon awo, tamu wayam.

Sai na tuna littattafan marigayi Baba. Shekara goma sha takwas yana shiga kwalekwale a Bonny yana awon ruwa, yana rubuta ranar da wurin da ya yi awon. Matarka ta ce Mama ta fara yagar su tana naɗe ƙosai. Don Allah kada ka yi wa Mama faɗa, ba ta san amfaninsu ba. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka turo mini, har wanda mai ya taɓa.

Yana raye, manyansa na wurin aiki ne suka sa sunansu a kan aikinsa. Wannan karon, idan na shigar da awonsa a taswirar, sunansa zan sa.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Lai'atu