Sarƙar da Na Saya Don Ɗorawar Inna

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya zaman Fatakwal? Mu nan Darki lafiya lau, sai dai ƙafar Baba da ke ɗan damunsa.

Yaya, ɗorawar marigayiya Inna ta faɗi, kuma ni na kayar da ita. Gara ta cinye cikinta, ta karkato kan ɗakin Baba, dole aka ce a sare.

Sarƙar injin yankan itacena ta dakushe, sai na je kasuwar Wudil neman sabuwa. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu, ya ce, “Wannan mai tsinin haƙorin sauri gare ta, amma yashi na kashe kaifinta. Wannan kuwa a hankali take ci, sai mai haƙuri.” Na ɗauki ta biyun. Ya yaba mini, wai na san aiki. Ban gaya masa cewa ba yashin nake gudu ba, so nake kawai ɗorawar ta daɗe a tsaye.

Duk da haka, kafin azahar tana ƙasa. Baba ya tsinci kwanson ɗorawa ɗaya, irin wanda Inna take fasawa don daddawa, ya sa a aljihu ya shige ɗaki.

Ka sa Inna da Baba a addu'a, ka gaida mutanen gida. In za ka zo, ka kira ni in tare ka a bakin titi, don abin da kake gane gida da shi babu shi yanzu.

Ƙaninka,
Sani