Ta'aziyyar Injiniya Lurwanu Jumare, Wanda Ya Koya wa 'Yan Baya Cafke Ƙwallo

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ƙwallon Amurka ta Hausawan Madina ta samu labarin rasuwar ubanta kuma wanda ya kafa ta, Alhaji Injiniya Lurwanu Jumare, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talata, 16 ga Maris, 2004, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara arba'in da tara. An sallace shi a Masallacin Annabi (SAW) bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a Baƙi'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya koyi wannan wasa na ƙwallo mai siffar gwanda lokacin da yake karatun injiniyan ruwa a Amurka, inda ya buga baya, wato cikin masu tare abokan hamayya. Da aiki ya kawo shi Madina a 1991, ya tara 'ya'yan unguwar Harra ta Gabas, suka kwashe baƙaƙen duwatsu da hannunsu har fili ya samu. Matsala ta farko da ya tarar ita ce dukkanmu a ƙwallon ƙafa muka tashi, saboda haka in ƙwallo ta taso ta sama sai ka ga ɗan baya ya ɓoye hannuwansa a bayansa, ya sa mata ƙirji, yana tsoron usur ɗin alƙali. Maganin da ya yi mana shi ne ƙullin dabinon Khaibar: ya cilla maka daga nesa, in ka cafke naka ne, in ya faɗi ƙasa na mai bi maka ne. Kwaɗayi ya yi abin da faɗa ya kasa.

Amma babban aikinsa, wanda ya jawo masa surutu, shi ne sauya fasalin tsaron baya. Mu a tunaninmu baya wurin ƙarti ne, a jera su kamar buhunan shinkafa, duk wanda ya rugo da ƙwallo ya ci karo da su. Shi kuwa, daga kaset ɗin bidiyo da wani abokin karatunsa yake aiko masa, ya gane cewa wasa ya koma jifa ta sama, ɗan baya na yanzu sai mai gudu da baya da baya, mai karanta idon mai jefa ƙwallo, mai hannu. Ya zaunar da ƙattai uku a benci, ya sa sirara, cikinsu har da Abdulsalam Yahya, mai harhaɗa magunguna a unguwar Al-Ranuna, wanda muke tsokana da cewa iskar garin Yanbu na bakin teku ma za ta kayar da shi. Da ƙungiyar ma'aikatan kamfanoni ta Yanbu ta lallasa mu karo na shida a 1998, kwamiti ya zauna ya tsige marigayin daga muƙamin babban koci, ya mayar da shi mai kula da kaya da ruwan sha. Da kunya nake faɗa: ni na rubuta takardar, ni na kai masa.

Bai yi zuciya ba. Ya ci gaba da jido jarkoki, in an tashi ya tsaya da sirarensa har magariba. Bayan ƙartinmu sun ƙara shan kashi sau uku, muka sakar masa 'yan baya a ɓoye, ba tare da wani cikinmu ya yi ƙarfin halin janye takardar nan ba.

Ranar Alhamis da ta wuce, yana kwance a asibiti, muka sake zuwa Yanbu. Saura minti ɗaya a tashi, muna gaba da maki huɗu, suna dab da layinmu, mai jefa ƙwallonsu ya sake ta, sai Abdulsalam ya yi tsalle ya cafke ta da hannu biyu, ya rungume ta kamar ƙullin dabino. Mun ci su sha huɗu da goma, nasara ta farko cikin shekara goma sha biyu, kuma wallahi dattawa sun yi kuka a bakin fili. Washegari bayan Juma'a muka kai masa ƙwallon, ya ɗora ta a ƙirjinsa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai tambayi maki nawa ba, abin da ya tambaya kawai shi ne ko da hannu biyu aka kama ta.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Hajiya Ƙaltume, da 'ya'yansa Hibatullahi da Muhammad Awwal, da 'yan'uwansa na Najeriya, da ɗaukacin jama'armu mazauna Madina, tana roƙon Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya jiƙansa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya albarkaci bayansa.

Haka kuma muna sanar da jama'a cewa kwamiti, a zamansa na jiya, da murya ɗaya, ya soke takardar 1998. Mun makara, muna neman yafiyar iyalinsa. Daga yau, a duk inda aka rubuta sunansa, za a rubuta shi da muƙaminsa: Babban Koci, Alhaji Injiniya Lurwanu Jumare.

Sa hannun:
Malam Sabo Abdou
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiyar Ƙwallon Amurka ta Hausawan Madina
18 ga Maris, 2004