Ajiyar Gwaggo Lantana

Abuja, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Nuriyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya.

Mundayen ƙafar nan biyu na azurfa na Inna sun fito a kundin wani gidan gwanjo na Legas. Su ne lamba ta 38, za a sayar da su ranar Asabar, 23 ga wata. Wani abokin aikina mai bin labaran kayan tarihi ya bar kundin a teburina, ina buɗawa na gan su a shafi na sha tara. Na haɗo miki hotunan.

Sun rubuta cewa aikin maƙeran farfaru ne na ƙasar Sakkwato, sun ƙiyasta shekarunsu sun haura ɗari da ashirin. Kin tuna a sikeli Badaru dillali ya ɗora su bara, lokacin rabon gado, ya biya mu nauyin azurfa kawai. Farashin da za a fara tayi da shi ya ninka wancan sau arba'in. Ban ce ya cuce mu ba. Ni na kira shi, ni na sa hannu. Abin da ke damuna shi ne na shekara ashirin da shida ina gyara labaran mutane a jarida, ban tsaya na tambayi labarin abin da ke adakar mahaifiyata ba.

A gaida mutanen gida.

Yayanki,
Gazali


Ƙofar Dundaye, Sakkwato, 7 ga Nuwamba

Yaya Gazali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Na zaɓi in rubuto ne, don in na kira waya za ka yi ta katse ni kana tambayar kwanan wata.

Bar maganar farashi tukuna. A cikin me ka tarar da mundayen nan ranar da ka buɗe adakar?

Kai ka tafi makarantar kwana kana ɗan sha biyu, akwai abin da ba ka sani ba. Matan unguwa da na ƙauye sukan kawo wa Inna ajiya. Tunda ba ta rubutu, sai ta sa mai kaya ta yagi gefen zanenta, a raba biyu, a ƙulle kayan da rabi, mai shi ta tafi da rabi. Duk wadda ta zo da ƙyallen da ya haɗu da na cikin adaka, ta ɗauki abinta, ko da 'yarta ce ta aiko.

Mako uku da suka wuce wata tsohuwa ta yi sallama, Gwaggo Lantana, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Aure ya kai ta wani ƙauye ta gabas. Ƙauyen ya tashi saboda 'yan bindiga, yanzu tana Runjin Sambo a ɗakin ɗanta mai tuƙa keke. Ba ta san Inna ta rasu ba. Ta yi kuka, ta yi addu'a, sannan ta kwance bakin zanenta ta fiddo ƙyalle, shuɗi mai ratsin fari. Ta ce, "Ɗiyata, ban zo da gaggawa ba. Amma shekara sha bakwai yana hannun Iyatu, kuma shi kaɗai ya rage min." Na ce zan duba. Na kasa tambayarta ko mene ne.

Jiya na je wurinta da hotunanka a waya. Kafin in nuna, na ce ta siffanta min kayan. Ta ce mundaye biyu ne na kakarta, guda ta taɓa tsagewa daga ciki, maƙeri ya like da jan ƙarfe. Ka duba hoto na biyu, ka ƙara girmansa.

Ban nuna mata ba. Na ce cajin wayata ya ƙare.

Ina jiran amsarka. Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Nuriyya


Abuja, 10 ga Nuwamba

Nuriyya,

Sallama da fatan alheri. Na duba hoton. Likin yana nan.

Ga amsar tambayarki. Washegarin sadakar bakwai, kina ɗaki da masu gaisuwa, na buɗe adakar. Ƙulli goma sha ɗaya na tarar, kowanne a cikin tsumma. Na ɗauka talauci ne irin na tsofaffi da rashin akwati. Na kwance su duka, na goge kayan, na sa kowanne a leda, na ba shi lamba, na buga jerinsu a takarda da take "Kayan Marigayiya Iyatu". Tsummokaran na zuba su a kwandon shara da hannuna. Na tuna har na yi wa kaina kirari cewa gadon gidanmu zai fita ba rigima.

Ban san nawa ne na Inna ba a cikin sha ɗayan nan. Ke ma, ina zato, ba ki sani ba.

Na yi magana da gidan gwanjon sau biyu. Wata mata mai ladabi ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce wanda ya kawo kayan ya saya ne daga hannun Badaru, ya kuma kawo shaidar asalinsu. Na tambaya wace shaida. Ta karanto min: takardata ce, da sa hannuna, da na alƙalin da ya raba gadon. Ta ce a irin kayan nan da wuya su samu takarda mai tsari kamarta. Na kawo maganar ƙyalle, ta ce ba ta da gurbin da za ta shigar da shi. Mai kayan ne kaɗai ke da ikon janye su.

Na lissafa abin da zan iya tarawa ko da na sayar da mota. Bai kai kuɗin fara tayi ba. Gobe zan je kotu in yi takardar rantsuwa cewa jerin da na rubuta kuskure ne, in aika wa mai kayan ta hannun lauyansa. Ranar gwanjon kuma zan je Legas da kaina.

Ki gaya wa Gwaggo Lantana gaskiya, ki ce ni ne. Kada ta kwana da zargin Inna.

Allah ya yafe mana.

Gazali


Ƙofar Dundaye, 15 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta takardarka sau uku. Kada ka ɗauki laifin kai kaɗai. Ni na san tsarin Inna. Ranar rabo na ga kaya a leda da lambobi, zuciyata ta ce min ina ƙyallayen, sai na ga takardarka da hatimi, na ce ai Yaya ya tantance. Kunyar in yi maka gyara gaban maza ta sa na yi shiru.

Na je Runjin Sambo ranar Laraba. Na gaya mata komai, na nuna mata hoton. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wa ya wanke su haka? Sun yi fari kamar ba su taɓa shiga ƙafar mutum ba." Sannan ta tambaya, "Wanga ɗa, shi ne mai rubutu a jarida? Iyatu takan aje jaridar ƙarƙashin filo, ba ta iya karanta ko baƙi guda."

Na cire 'yan kunnen zinarin da suka zo a rabona na ajiye mata. Ta turo min su da yatsa. Ta ce ba ta ajiye zinari ba, kuma wa ya sani ko su ma na wata ne. Na mayar da su jaka, ban ƙara sa su ba.

Ɗanta ya so ya ɗaga murya, ta hana shi. Ta ce Iyatu ta riƙe amana har ta koma ga Allah, ba ta bin ta komai, duniya da lahira. Na ji sanyi da wannan. Amma da na tashi tafiya ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce, a hankali, da ta yi niyyar sayar da munduwa guda ta kama ɗaki nata, ta bar wa jikarta guda. Su bakwai ne a ɗakin, Yaya. Na ƙirga takalma.

Na roƙi mai unguwa ya sa a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, duk mai ajiya wurin Inna ta zo. Yau da la'asar mata biyu sun zo, kowacce da ƙyallenta. Na ba su ruwa, na rubuta sunayensu.

Allah ya kai ka Legas lafiya.

Nuriyya


Legas, 23 ga Nuwamba

Nuriyya,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, na shiga zauren gwanjon da ƙarfe uku.

An sayar da lamba ta 37, wani tulun tagulla. Daga nan mai gwanjon ya kira 39. Bai yi bayani ba.

Bayan an tashi na sami matar nan ta gidan gwanjon. Ta ce mai kayan ya janye su da safiyar yau, bayan takardar rantsuwata ta isa hannunsa. Ta kuma ce akwai wani mai saye daga waje da ya nemi a sayar masa kai tsaye tun makon jiya. Ba ta san wanne ne dalilin janyewar ba. Lauyan mai kayan ya ce zai rubuto ranar Litinin.

Ki gaida Gwaggo Lantana, amma kada ki ce mata komai tukuna. Ki turo min sunayen matan nan biyu. Allah ya sada mu da alheri.

Har zuwa lokacin da nake rubuta wannan, gidan gwanjon bai tabbatar min ko mundayen suna Legas ba.

Yayanki,
Gazali