Awon Tafin Mapon

Fumban, 4 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Ngutane, sanyin idona, a Duwala.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi 'ya'yan kofin da ke kan tuddanmu, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan sai godiya, in ban da shirun da ya tare a rumfar mahaifiyarki Mapon tun rasuwarta, yau wata tara ke nan.

Na ji kin ƙudura za ki dawo ki buɗe gidan abincinta kafin bikin Nguon. Allah Ya yi miki albarka. Har yanzu baƙin da ke fitowa daga gidan tarihin fada sukan gangaro layinmu na masu zubin tagulla, su taya mutum-mutumi, sannan su tambayi ina matar nan mai tuwon masara da miyar ganyen njapce. Nakan nuna musu ƙofa a garƙame, in koma bakin wutata.

Amma abin da kika roƙa, ki yi mini afuwa. Gaskiya ne, mako biyu kafin a kai ta asibiti ta ɗebi kakin zuma a maƙerata, ta danna shi cikin tafinta har ya zama ɗan ƙoƙo, ta miƙo mini ta ce, "Malam, zuba mini wannan." Na lulluɓe shi da yumɓu na adana. Kin san aikinmu: sai an gasa yumɓun, kakin ya narke ya tsiyaye, kana a ɗura tagulla a gurbinsa. In zubi ya ɓaci, babu kaki, babu tagulla. Kyautar bankwanar da ta bar mini zan jefa cikin wannan kasada?

Kakin da ya sha ɗumin hannunta,
Yaya zan miƙa shi ga wuta?
Na narka dubu ban ji ɗar ba,
Wannan ɗaya ya fi ƙarfin zuciyata.

Ki huta lafiya cikin kiyayewar Ubangiji.

Mahaifinki,
Nsangu

Duwala, 15 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ciwon gwiwa? Na karɓi takardarka a tashar mota, waƙar ta sa ni hawaye a gaban masu dako, sai da wata mai ayaba ta ba ni kujera.

Baba, don Allah kada ranka ya ɓaci. Abin nan ba kyautar bankwana ba ne. Awon agushi ne.

A asibiti Mama ta kama hannuna ta jujjuya, ta ce, "Dubi wannan ɗan hannu, irin na dangin ubanki. Da wannan za ki yi miyar da za ta kama tuwo? Na ba shi tafina ya zuba miki. Tafi uku na agushi a babbar tukunya, rabin tafi na gishiri." Har ta ƙara da cewa, "In kin ga ya tsaya yi wa abin waƙa, ki tsawata masa." Ni ban iya tsawata maka ba, shi ya sa nake rubutowa.

Na ɗauka tuni ka zuba. Sau bakwai ina gwada miyar a nan. Maigida ya ce ta yi, amma shi ko dafaffen takalmi aka ba shi zai ce ya yi. Ni na san ba ta yi ba. Ba zan buɗe ƙofar Mama in ba mutane miyar da ba tata ba.

Idan ya ɓaci a wuta, ya ɓaci, ba zan ga laifinka ba. Amma ka gwada.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Ngutane

Fumban, 27 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata mai faɗin gaskiya cikin ladabi.

Gaisuwa da sa albarka. Na karanta wasiƙarki sau uku. A na farko na ji kunya, a na biyu na ji haushi, a na uku na yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Shekara talatin da ɗaya ina jera wa mahaifiyarki baitoci, ita kuwa tana tambayata ko na sayo manja. Ashe har ƙarshe ba ta sauya ba, kuma da ta sauya da ban gane ta ba.

Na sauko da yumɓun daga kan katanga, sai na tarar ɓera ya fara gwaguyar kakin ta bakin da ake ɗura tagulla. Ina riƙe da shi Munshili ya shigo, maƙwabcinmu mai bammi, wanda ke kai baƙi lambunsa na tukurwa su ɗanɗana. Kin san daga amyarsa kakin ya fito. Ya ce, "Nsangu, kana gadi ɓera na walima? Ko shi ma ka yi masa baiti ne?"

Na ce, "Kai da ka wuni kana shayar da Turawa, me ka sani game da zubi?"

Ya ce, "Ban san zubi ba, tsoho. Na dai san bammin da na yi rowarsa jiya, yau ya yi tsami, ko akuya ba ta so. Hura wutarka, ni zan ja maka zugazugi."

Mun sa ranar Alhamis da hantsi. Na gyara bakin, na ƙara yumɓu, na ware tagullar da na ɓoye tun zamanin mahaifina. Ki taya ni da addu'a.

Mahaifinki mai begenki,
Nsangu

Fumban, 31 ga Oktoba

Ngutane,

Gaisuwa. Ya fito.

Da na fasa yumɓun, Munshili ya juya baya wai hayaƙi ya shiga masa ido. Zanen tafinta duk yana bayan ƙoƙon, har da tabon wuƙar nan. A ciki kuma ga gurbin babban yatsanta. Na sa nawa a ciki, na daɗe a zaune. Na nemi baiti ban samu ba.

Tagulla takan ɗan tsuke in ta huce, saboda haka in za ki auna, ki cika shi har ya yi tozo.

Na share rumfa, na wanke babbar tukunya. Ki zo da wuri. Sharaɗina ɗaya ne: da rana ƙoƙon naki ne, amma in an sauke tukunya, a wanke shi a maido mini.

Mahaifinki,
Nsangu