Butar Dede Zulfo

Zuwa ga Yayana Nusret,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa, da fatan kai da Mirsada da yara kuna lafiya, sanyin Sweden bai kwantar da ku ba. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Inna tana nan, ƙafar dai sai a hankali. An yi sadakar arba'in ranar Alhamis, an tuƙa alewar halwa, gida ya cika. Ban yi kuka ba, har yau ma ban yi ba. Ina ci, ina barci, ina shara, amma jikin kamar na aro.

Gara ka ji daga bakina: mabuɗin hubbaren waliyyi Dede Zulfo ya bar gidanmu.

Ka san labarin da aka yaye mu da shi. Dede ya zo kwarin nan tun babu masallaci ko ɗaya, daga shi sai buta. Shekara talatin yana ɗebo wa kutare ruwa, bai taɓa karɓar ko tuffa ba, kuma ba a taɓa riskarsa babu alwala ba. Shi ya sa kakanninmu, tara a jere har da Baba, kowace magariba suke cika butar tagulla su ɗora ta a kan tawul gefen kabarinsa. Da safe a tarar ruwa ya ragu, tawul ya jiƙe, a ce Dede ya yi alwala. Masu ciwon ido da masu neman haihuwa su zo su shafa a fuska.

Da Baba ya rasu, kai kuma ba ka nan, aikin ya faɗo kaina. Ka san ni da tsabta kamar ciwo. Na kwashe tukwanen gida na kai shagon Salko maƙeri a shafa musu kuza saboda arba'in, na haɗa da butar, don gindinta ya yi kore shar. Salko ba ya nan, surukinsa ne ya karɓa. Ta dawo tana ƙyalli, kuma tun daga ranar ruwa bai sake raguwa ba, tawul a bushe ƙamas. Gari ya ɗauka. Matar Hafiz Rasim tana faɗa a layin burodi wai ina aka taɓa ganin waliyyi ya yi alwala da ruwan gwauruwa. Dattawan masallaci suka ce in arba'in ta yi Dede bai karɓa ba, mabuɗi ya koma gidan Hafiz. Na yi azumi, na sake tawul, na hau tudu na ɗebo ruwa daga idon da aka ce shi yake ɗiba. Shiru.

Saura mako guda Salko ya tare ni a kasuwa, yana dariya da bakin nan nasa mara haƙori. Ya ce ke kam 'yar Hamdija kin iya ɓarna da hannu mai tsabta, shekara arba'in ubanki yana hana ni taɓa hudar nan, ke rana ɗaya kin sa an liƙe. Ashe huda ce kamar tsinin allura a gindin butar, ta nan ruwan yake tsiyaya. Ya ce in kawo, kafin gahawa ta huce zai mayar da ita. Da na gaya wa Inna ko ɗago kai ba ta yi daga saƙarta ba, ta ce au, har da butar kika kai, uwar iyayi? To maza ki mayar.

Ban mayar ba. Ba wai na fi Baba tsoron Allah ba ne, hannun ne kawai ya ƙi. Ranar arba'in, da aka shafa fatiha, na ajiye butar gaban dattawa na faɗi komai. Na zaci za a ɗau salati, amma babu wanda ya ko motsa. Hafiz Rasim ya kurɓi gahawarsa ya ce yarinya, wa ya gaya miki ba mu sani ba, mu dai ba ma toshe abin da muka tarar a buɗe. Ya miƙo hannu, na ba shi mabuɗin da butar.

Jiya da safe tawul ya jiƙe. Gari ya ɗau kabbara, layi har bakin gada. Inna ta ce in raka ta saboda idonta. Da layi ya zo kaina, matar Hafiz ta miƙo min tawul ɗin tana kallon tsakar idona. Na karɓa na shafa a fuska kamar kowa.

Ka gaida Mirsada da Adna da Tarik. Inna da Gwaggo Zlata suna gaishe ku. Gadon nan naka ne, Yaya, kai ne na goma, ni kuma na zubar. Ka yafe min in za ka iya.

Ƙanwarka,
Zumreta