Mama Ta Ƙi Tanti

Shizuoka,
Litinin.

Zuwa ga Yayata Sumiko,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata an kusa kwance ɗaurin.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Kin san mun shirya zuwa tafkin Motosu don cikar Baba shekara guda da rasuwa, mu kafa tantinsa a inda ya saba kai mu. Ni da mijina Noboru muka wanke shi, muka ɗinke inda ya yage. Mama ta ce mu yi gaba, za ta same mu. Na ɗauka bas za ta hau.

Muna cikin buga turaku sai ga wata farar mota mai ɗaki, irin waɗanda Baba yake kira akwatin ragwaye, ta faka a gefenmu har ta kusa taka mana tukunya. Na miƙe zan yi masifa, direba ya sauke gilashi. Mama ce! Mamarmu mai shekara saba'in da ɗaya, da baƙin tabarau. Guduma ta suɓuce daga hannun Noboru.

Ashe tun lokacin sanyi take zuwa makarantar koyon tuƙi, mu kuwa tana ce mana asibiti take zuwa gashin gwiwa. 'Yar gonar shayin nan ma ta sayar, da kuɗin ta sayi motar.

Na ce, "Mama, da Baba zai gan ki fa?" Ta ce, "Fumie, shekara arba'in ina kwana a kan tsakuwa saboda ubanku yana son jin ƙamshin ƙasa. Shanshani ya cije ni a kunne, na dafa shinkafa ruwan sama na zuba cikin tukunya. Akwai wanda ya taɓa tambayata ko ina so?"

Kin ji fa, Yaya. Ke kin taɓa tambayarta? Ni dai duk hotunanmu na yarinta da nake tunawa, murmushi take yi.

Ta ce mu shigo, akwai gado da banɗaki. Na ƙi. Na ce ni a tantin ubana zan kwana. Hannuna ya gaji, sauran sai na huce.

Ƙanwarki,
Fumie.

Shizuoka,
Alhamis.

Yaya Sumiko,

Ina gaishe ki da jiki, a shafa mini kan yara. Ban jira amsarki ba, don abin bai tsaya nan ba.

Washegari da hantsi aka kece da ruwa, ga iska daga kan tafki. Ɗinkin da muka yi ya buɗe, bargunanmu suka jiƙe sharkaf. Noboru ya ce, "Ke ki zauna ki raya al'ada, ni na tafi wurin surukata." Ya bar ni riƙe da sandar tanti! Na daure har haƙorana suka fara kaɗawa, sannan na je na ƙwanƙwasa.

Mama ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Sannu, 'yar Baba. Cire takalmi, kada ki ɓata mini daɓe." Ta ba ni tawul da miyar miso, ta waken soya, mai zafi. Ban taɓa shan mai daɗinta ba, abin har haushi ya ba ni.

Nan ta shimfiɗa taswira a tebur ta ce ba za ta koma gida ba. Kudu za ta nufa, har Kagoshima, tana tsayawa duk inda akwai wankan ruwan zafi, sai ganye ya fara ja da kaka za ta dawo. Ita kaɗai, Yaya! Na yi kuka, na yi roƙo, na kawo maganar hawan jininta da hanyoyin kan dutse. Ta nuna mini magungunanta a jere, ta ce kullum da safe za ta kira ni. Makullin gida ma ta ba ni, wai in riƙa ba furanninta ruwa.

Da za ta tashi na leƙa gaban motar don in gyara mata madubi. A kujerar gefen direba sai na ga hoton Baba, babban nan na ɗakin tunawa da shi, ta ɗora shi a kan matashi ta ɗaura masa bel.

Na ce, "Mama, wannan fa?"

Ta ce, "Kin zaci barinsa zan yi? Na bi shi duk inda ya so. Yanzu shi zai bi ni, kuma ba shi da bakin yin gardama."

Ta tayar da mota, ta yi mana ham sau biyu, ta hau titi ko waiwaye babu.

Ɗazu ta kira daga garin Ise, wai kifi take gasawa. Don girman zumunci ki kira ta, amma kada ki ce ta dawo. Na gwada, dariya kawai ta yi.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Fumie.